Muhawara: Kyaftin Vere ya yi adalci da ya rataye Billy Budd?

Malama_Rabi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana da nake so masu nazarin adabin Amurka da lauyoyinmu su sa baki a ciki. A manyan littattafan Amurkawa na da, ba mugu ne ke kashe marar laifi ba. Mugu yakan ƙulla sharrin ne, amma mai zartar da kisan mutumin kirki ne, mai hankali, da doka a hannunsa. Inda abin ya fi fitowa fili shi ne Billy Budd na Herman Melville.

Ga waɗanda ba su karanta ba: shekarar 1797 ce, Ingila na yaƙi da Faransa. An ɗauko Billy, saurayi ɗan shekara 21, daga jirgin 'yan kasuwa aka sa shi aikin dole a jirgin yaƙi mai igwa 74. Ɗan tsintuwa ne, bai san iyayensa ba, bai iya karatu ba, kowa na son sa. Aibinsa guda: in ransa ya ɓaci sai i'ina ta kama shi. Claggart, jami'in da ke kula da ɗa'ar ma'aikatan jirgin, ya tsane shi ba gaira ba dalili, ya je ya gaya wa Kyaftin Vere wai Billy na shirya bore. Vere bai yarda ba, ya kira su biyun ɗakinsa don a yi ta gaba da gaba. Billy ya buɗe baki zai kare kansa, harshe ya ƙi, sai hannu ya tafi. Naushi ɗaya a goshi, Claggart ya faɗi matacce. Vere ya san ƙazafi aka yi wa yaron, ya kuma faɗa da bakinsa. Duk da haka ya kafa kotu a ranar, da asuba aka rataye Billy. A ganina zalunci ne aka sa wa rigar doka. Wa ke da hujjar da za ta wanke Vere?

TsohonSoja_Jaji: Wa alaikumus salam Malama. Ni zan tsaya wa Vere, kuma zan fara da kwanan wata. A watan Afrilun 1797 sojojin ruwan Ingila sun yi bore a Spithead. A watan Mayu wani ya ɓarke a Nore, a bakin kogin Thames, har 'yan boren suka tare hanyar jiragen da ke shiga Landan. An rataye jagoransu Richard Parker a ƙarshen watan Yuni. Labarin Billy a bazarar wannan shekarar ya faru, watanni kaɗan bayan haka. Jirgin Vere kuma ba ya tare da rundunar, an aike shi shi kaɗai, ga shi bai jima da bin wani jirgin abokan gaba ba. A ciki akwai ɗaruruwan mutane, da yawansu kamen dole ne, wasu ma suna da hannu a boren.

Sashe na 22 na dokokin yaƙin sojan ruwa na 1749 ba shi da kwana-kwana: duk wanda ya bugi na gaba da shi yana bakin aiki, ko da wane irin dalili, hukuncinsa kisa. Ba ma sai wanda aka buga ya mutu ba. Ma'aikatan jirgin sun san wannan sashe, ana karanta musu shi a kai a kai. In suka ga an kashe jami'i kuma mai kisan yana nan da ransa, ba za su ce Kyaftin ya yi rahama ba, cewa za su yi tsoronsu yake ji. Vere ya faɗi haka a gaban kotun, kuma gaskiya ya faɗa.

Barista_Kwalli: Ranka ya daɗe, sashen ka kawo daidai, amma ka bar rabinsa. Sashen ya ce kisa bayan kotun soja ta same shi da laifi. To wace kotu? A ƙarƙashin dokar 1749 kotun sojan ruwa ba ta zama da ƙasa da mutum biyar, ba ta wuce sha uku, kuma babban kwamanda ne ke kiran ta, ba kyaftin ɗin jirgi ɗaya a ɗakinsa ba. Vere mutum uku ya zaunar, duk yaransa ne da ya zaɓa da kansa, ɗaya ma hafsan sojan ƙasa ne da ke aiki a jirgin. Shi ne shaida tilo. Shi ne ya kira kotun. Da ya ga suna jan ƙafa sai ya miƙe ya zama mai gabatar da ƙara, ya yi musu doguwar huɗuba. Da ɗayansu ya tambaya ko za a iya samun yaron da laifi amma a sassauta hukunci, Vere ne ya rufe ƙofar. Sannan aka zartar ba tare da wani na sama ya duba ba. Har dokar bore da ya riƙa ambata, ta sojan ƙasa ce. Richard Weisberg ya jera waɗannan kurakuran a littafinsa na 1984. Wanda ya ce doka ta ɗaure masa hannu, ya kamata a ga ya bi dokar.

Ɗan_Damagaram: Tambaya: a kwafin da ke hannuna sunan jirgin Indomitable, amma na ga wasu na rubuta Bellipotent. Littafi biyu ne?

Gwani_Tarihi: @Ɗan_Damagaram littafi ɗaya ne, bugu biyu. Melville ya rasu a 1891 bai kammala shi ba, ya bar rubutun hannu cike da gyare-gyare. Raymond Weaver ne ya fara buga shi a 1924, sunan jirgin a ciki Indomitable. A 1962 Harrison Hayford da Merton Sealts suka sake bin takardun ɗaya bayan ɗaya, suka ga Melville ya canza sunan zuwa Bellipotent daga baya. Nemi na 1962, shi ake dogaro da shi yanzu.

TsohonSoja_Jaji: Barista, na ji. Amma Richard Posner, wanda ya yi alƙalanci a Amurka, ya ba Weisberg amsa: labari ake karantawa, ba kundin shari'a ba. A cikin duniyar littafin, mai ba da labarin bai ce kotun haramtacciya ba ce. Hafsoshin uku ma ba su ce ba su da hurumi ba. Tausayi ne ya hana su sakat, ba ƙa'ida ba.

Gwani_Tarihi: Wannan amsar za ta yi ƙarfi da a ce Melville bai san dokar jirgi ba, amma ya san ta ciki da bai. Ya yi aikin ƙaramin ma'aikaci a jirgin yaƙin Amurka daga 1843 zuwa 1844, ya kuma rubuta White-Jacket a 1850 yana sukar dokokin yaƙi da bulalar da ake yi wa ma'aikata. A shekarar ce majalisar Amurka ta hana bulala a jiragen yaƙi.

Sannan akwai abin da ya taɓa gidansu. A ranar 1 ga Disamba 1842, a jirgin horo na Amurka mai suna Somers da ke dawowa daga gaɓar Afirka ta Yamma, kwamanda Alexander Slidell Mackenzie ya rataye mutum uku bisa zargin shirya bore: Philip Spencer, ɗan ministan yaƙi na lokacin, da Samuel Cromwell da Elisha Small. Ba a yi musu shari'a ba, ra'ayin hafsoshi kawai aka nema. Ba a yaƙi, kuma saura kwanaki kaɗan su isa tsibirin St. Thomas. Mataimakin kwamandan, Guert Gansevoort, ɗan'uwan Melville ne ta wajen uwa. Kotun soja ta wanke Mackenzie daga baya, amma surutu bai mutu ba. Melville ya ambaci Somers da suna a cikin Billy Budd.

Na biyu kuma surukinsa ne, Lemuel Shaw, babban jojin jihar Massachusetts daga 1830 zuwa 1860. Shaw ya ƙi jinin bauta, a 1836 ma ya yanke cewa yarinyar da aka shigo da ita jihar a matsayin baiwa ta zama 'ya. Amma a 1851, ƙarƙashin dokar mayar da gudaddun bayi ta 1850, ya ƙi sakin Thomas Sims, aka tasa ƙeyarsa zuwa Savannah, aka yi masa bulala a bainar jama'a. A lokacin an zagaye kotun Boston da sarƙa, alƙalai sai sun sunkuya suke shiga. Robert Cover a 1975 ya ce Vere hoton irin waɗannan alƙalan ne: zuciya ta ce a'a, hannu ya sa hannu.

Ummi_Nazari: Ni inda ban yarda da Malama Rabi ba shi ne kiran Billy marar laifi kai tsaye. Melville ya shuka abubuwa biyu da gangan. Tun a babin farko kyaftin ɗin jirgin 'yan kasuwa ya ba da labarin yadda wani mai jan gemu ya tsokani Billy, Billy ya lakaɗa masa duka nan take. Wato hannunsa na riga tunaninsa tun da can. Na biyu, wani ya same shi da dare ya nuna masa tsabar zinariya biyu yana jan ra'ayinsa zuwa bore. Billy ya kore shi, amma bai kai rahoto ba, alhali doka ta wajabta. Da kotu ta tambaye shi ko ya san wani abu mai kama da shirin bore, ya ce a'a. Ƙarya ce, ko da ta kare abokan aiki ce. Wani tsohon ma'aikacin jirgin ɗan Denmark ma ya gargaɗe shi cewa Claggart na nufinsa da sharri, ya ƙi yarda, don bai san mutum na iya yi maka murmushi yana haƙa maka rami ba. Zuciyarsa fara ce, amma rashin sanin mugunta bai hana shi zubar da jini ba. Hannah Arendt ta tsaya a kan wannan a 1963: nagarta tsantsa ba ta iya jayayya, ba ta iya kawo hujja, don haka in ta haɗu da mugunta sai ta kai duka.

Malama_Rabi: Ummi, ban ce bai yi kisa ba. Shi da kansa ya gaya wa kotun cewa da harshensa ya saki da bai kai hannu ba. Tambayata ita ce ko wannan ya kai a rataye shi kafin gari ya waye.

Malam_Sani_Fiƙihu: Bari in sa baki ta fuskar da yawancinmu muka fi sani. Mai karatu Bahaushe yakan yi saurin cewa ai kuskure ne, diyya ce kawai. A Malikiyya ba haka ba ne. A mashhurin zance kisa iri biyu ne, ganganci da kuskure, babu na tsakiyan nan mai kama da ganganci da sauran mazhabobi suka tabbatar, sai a mas'alar uba da ɗansa. Wanda ya kai duka cikin fushi, ko da mari ne, aka mutu, ganganci ne. Don haka naushin Billy ba zai tsira da sunan kuskure ba.

Amma dubi abin da ke kewaye da hukuncin. Ƙisasi haƙƙin magada ne, suna iya yafewa ko su karɓi diyya, in sun yafe sai bulala ɗari da ɗaurin shekara. Alƙali ba ya yanke hukunci da abin da ya gani da idonsa, sai dai ya sauka ya zama shaida a gaban wani alƙalin. Kuma an hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi, malamai suka haɗa da duk abin da ke dagula tunani. Likitan jirgin ya ga Vere a rikice har ya yi shakkar ko hankalinsa na nan daidai. Nan ne matsalar Vere take a wurina, ba a tsananin hukuncin ba.

Barista_Kwalli: Allah ya gafarta Malam, ka taɓo wurin. A dokar Final Kod ta Arewa ma, sashe na 221 na buƙatar niyyar kisa ko sanin cewa mutuwa ce mafi rinjayen sakamako, sashe na 222 kuma ya cire hukuncin kisa in an yi tsokana mai tsanani ta ba-zata. Ƙazafin da hukuncinsa rataya ne, a gaban shugabanka, ai ya isa tsokana. Vere ya gaya wa kotun ƙarara cewa niyya ba ta cikin lissafi, sakamakon dukan kawai za su duba, sauran kuma a bar wa ranar hisabi.

Hajiya_Turai: Kun tattara a kan Vere kun manta da Claggart, alhali shi ne ya fi ba ni tsoro. Melville bai ba shi dalili ba. Ba mashayi ba ne, ba ya ƙananan laifuffuka, mai tsabta ne, mai ladabi, mai iya magana. Ranar da Billy ya zubar da miya a gabansa, sai ya ɗan taɓa shi da sanda ya yi masa magana mai daɗi, kowa ya yi dariya, shi kuwa fuskarsa ta canza da ya juya baya. Mai ba da labarin ya ce shi kaɗai ne, ban da mutum ɗaya, ke da basirar gane irin tsarkin Billy, kuma ganewar ce ke cin sa. Hassada ce ta wanda ya ga alheri ya san ba zai taɓa zama haka ba.

Ku kwatanta da Chillingworth a The Scarlet Letter na Nathaniel Hawthorne, 1850. Shi yana da dalili: matarsa Hester ta haihu da wani. Ya ɓoye sunansa, ya zama likitan limamin da yake zargi, ya tare gida ɗaya da shi, ya shekara bakwai yana tona masa ciwo a zuci da sunan magani. Hawthorne na nuna yadda mutum ke zama mugu a hankali. Melville na cewa akwai wanda aka haifa da ita. Waɗannan ra'ayoyi biyu ne mabambanta game da asalin sharri, daga abokai biyu da suka zauna kusa da juna a Massachusetts.

Ummi_Nazari: Hajiya, a ƙara da cewa hukuman garin Boston da suka tsayar da Hester a dandali awa uku da jaririya a hannu su ma ba miyagu ba ne, kuma uban 'yar yana cikin masu yi mata wa'azin ta faɗi sunansa. Hawthorne ya san irin waɗannan mutanen daga gida: kakan kakansa John Hathorne na cikin alƙalan shari'ar maita ta Salem a 1692, inda aka rataye mutum 19, aka danne Giles Corey da duwatsu har ya mutu. Samuel Sewall, ɗaya daga alƙalan, ya nemi gafara a bainar jama'a a 1697. Hathorne bai yi ba.

Sadauki_77: Ni fa ina ganin ka'idar Malama Rabi ta karye a To Kill a Mockingbird na Harper Lee, 1960. A can ba doka ce ta kashe Tom Robinson ba, baƙar fatar da aka zarga da yi wa wata farar fata mai suna Mayella fyaɗe, ƙin bin doka ne. Ku duba hujjojin: ba a kira likita ya duba Mayella ba. Raunin yana gefen dama na fuskarta, alamar bahago ne ya buge ta. Ubanta Bob Ewell ya rubuta sunansa da hagu a gaban kotu. Hannun hagun Tom kuwa injin gurzar auduga ya lalata shi tun yana yaro, ya fi na dama gajarta da inci 12. Ga shatin yatsu kewaye da wuyanta, aikin hannu biyu. Duk wata kotu mai bin ƙa'ida za ta sallame shi. Masu yanke hukunci mutum 12 fararen fata suka ce ya yi, musamman bayan ya ce tausayinta ya ji, abin da ba a yafe wa baƙar fata a Alabama ta shekarun 1930. Daga baya aka harbe shi a gidan yari, harsashi 17. Vere ya bi harafin doka ya kashe, waɗannan sun taka harafin doka suka kashe. Ba abu ɗaya ba ne.

Malama_Rabi: Sadauki, waɗannan 12 ɗin manoma ne masu zuwa coci, ba Bob Ewell ba ne. Ewell ya ƙulla, su suka zartar. Inda na yarda da kai shi ne ba su da uzurin da Vere ke da shi.

Hajiya_Turai: Wanda ya kamata a ajiye kusa da Vere a wannan littafin shi ne Heck Tate, shugaban 'yan sandan gundumar. Boo Radley, wani maƙwabci da ba ya fita daga gida, ya kashe Ewell da wuƙar kicin yana ceton yara biyu. Tate ya ga gawar, ya gane abin da ya faru, ya ɗauke wuƙar Ewell ya sa aljihu, ya ce mutumin faɗuwa ya yi a kan wuƙarsa. Hali iri ɗaya: mutum mai farar zuciya, wanda ba ya iya magana a gaban jama'a, ya kashe maƙaryaci. Jami'i ɗaya ya rataye, ɗaya ya rufe.

Barista_Kwalli: Hajiya, wannan wurin yana damuna ƙwarai, kuma ba na so mu wuce shi da tafi. Abin da Tate ya yi ɓoye shaida ne da ƙirƙirar rahoto. Da an kai Boo kotu, kare ran wani hujja ce cikakkiya, da an sallame shi. Atticus, lauyan Tom kuma uban yaran biyu, shi ma da farko, da ya zaci ɗansa Jem ne ya yi kisan, ya dage sai an je kotu. Ikon da ya ba Tate damar cewa wannan ba sai an bincika ba, shi ne ikon da ya bar masu gadin da suka zuba wa Tom harsashi 17 ba tare da an tambaye su ba. A garin da jami'i ke zaɓar wanda doka za ta gani, Boo fari ne ɗan gida, Tom ba haka ba. Ina sukar Vere don ya tsallake ƙa'ida, ba zan yabi Tate don ya tsallake ta ba.

Gwani_Tarihi: Akwai na uku, kuma shi ba ƙagagge ba ne. A watan Maris 1931 aka kama samari baƙaƙe tara a jirgin ƙasa a Alabama bisa zargin fyaɗe, shari'ar da aka sani da Scottsboro. Cikin makonni aka yanke wa takwas hukuncin kisa. Kotun ƙolin Amurka ta soke a 1932 saboda ba a ba su lauya na gaske ba, ta sake sokewa a 1935 saboda an hana baƙaƙe shiga cikin masu yanke hukunci. A tsakani, a 1933, ɗaya daga matan biyu, Ruby Bates, ta janye zarginta a gaban kotu, amma aka sake samun Haywood Patterson da laifi. Alƙali James Horton ya zauna ya bi bayanin likita da na shaidu dalla-dalla, ya soke hukuncin, ya ba da umarnin sabuwar shari'a. Bai ɓoye komai ba, bai kuma fita daga doka ba, ikon da doka ta ba shi ya yi amfani da shi. Ya faɗi zaɓe a 1934. An ɗauke shari'ar daga hannunsa, wani alƙalin ya sake yanke wa Patterson kisa.

TsohonSoja_Jaji: Horton kujerarsa kawai ya sa a caca. Vere jirgi da rayukan ɗaruruwan mutane ne a wuyansa, a tsakiyar teku, a lokacin yaƙi.

Ɗan_Damagaram: Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, me ya sa sai wanda aka zalunta ya zama kamar mala'ika kafin marubuci ya nema masa adalci? Billy kyakkyawa, Tom mai ladabi mai hannu ɗaya. Richard Wright ya ƙi wannan a Native Son, 1940. Bigger Thomas direba ne ɗan shekara 20 a Chicago. Ya kai 'yar maigidansa ɗakinta tana buge, uwarta makauniya ta shigo, tsoron a same shi a ɗakin farar mace ya sa ya danne mata baki da matashi har ta mutu. Wannan ba da niyya ba ne. Amma ya ƙone gawar a murhun ɗumama gida, ya rubuta takardar neman kuɗin fansa, sannan ya kashe budurwarsa Bessie da bulo da saninsa. Wright bai bar wa mai karatu hanyar tausayi mai sauƙi ba. Kuma ku lura, hukuma gawar Bessie ta kawo a matsayin shaida kan kisan farar, ba don a bi mata haƙƙinta ba. Gwajin adalci na gaske a nan yake, a kan wanda ba ka so.

Ummi_Nazari: Wannan gaskiya ne. Kuma Mark Twain ya juya abin ta ɗaya gefen a Huckleberry Finn. A babi na 31 Huck ya rubuta wa uwar gijiyar Jim wasiƙa yana faɗa mata inda bawanta yake. Duk abin da aka koya masa, a coci da gida, ya ce wannan ne daidai, taimakon bawa ya gudu sata ce mai kai mutum wuta. Ya tuna zamansu a kan kogi, ya yaga wasiƙar, ya yarda zai shiga wutar. Bai taɓa cewa bauta ce ba daidai ba, shi dai ya ɗauka shi ne lalatacce. Vere ya gaya wa hafsoshinsa su danne zuciya su bi rantsuwar da suka yi wa Sarki. Huck bai da ilimin da zai gina irin wannan hujjar. Vere kuwa mai karatu ne, ɗakinsa cike da littattafai, kuma karatun ne ya ba shi kalmomin da ya rinjayi mutum uku da ba su so.

Sadauki_77: Sai dai Huck ba shi da kowa a ƙarƙashinsa, yaro ne a kan katako a kogi. Kuma Twain ya sauƙaƙa masa: ashe matar ta riga ta 'yanta Jim a wasiyyarta. Melville bai ba Vere irin wannan mafitar ba.

Malama_Rabi: Mu koma kan hujjar TsohonSoja ta farko, cewa sassauci zai jawo bore. Tarihin 1797 ɗin kansa bai goyi bayanta gaba ɗaya ba. Boren Spithead da sulhu ya ƙare: an ƙara albashin da ya fi shekara ɗari ba a taɓa ba, an sauke wasu hafsoshin da aka ƙi, Sarki ya yi afuwa, jiragen suka koma bakin aiki. A littafin ma, bore bai tashi a jirgin ba kafin a yanke hukunci. Gunaguni ya tashi ne bayan an sanar da hukuncin, sau uku, kowane karo sai an busa usur ko an buga ganga an watsa mutane. Sannan ga abin da ya biyo baya: jaridar sojan ruwa ta buga cewa Billy baƙo ne jagoran 'yan bore da ya daɓa wa Claggart wuƙa, Claggart kuma ɗan kishin ƙasa. Gaggawa da sirrin da Vere ya zaɓa su suka bar ƙazafin ya zama tarihi. Da an kai maganar gaban babban kwamanda, da aƙalla an rubuta gaskiya.

Gwani_Tarihi: Binciken Hayford da Sealts ya nuna cewa wurin da likita ke shakkar hankalin Vere, yana ganin kamata ya yi a tsare Billy har a koma cikin runduna, yana cikin gyare-gyaren ƙarshe da Melville ya yi da fensir. Wato da farko Vere ya fi fitowa a wanke, marubucin ya dawo ya sa masa alamar tambaya. Amma bai goge addu'ar da Billy ya yi wa Vere da igiya a wuya ba, bai kuma goge cewa Vere ya mutu yana kiran sunan yaron ba tare da alamar nadama ba.

TsohonSoja_Jaji: Malama, Spithead a tashar jirgi aka yi shi, da gwamnati a kusa, da Lord Howe da ma'aikata ke ƙauna ya zo sulhu. Nore kuma da rataya ya ƙare. Shawarar likita tana da daɗin faɗa, amma a duba yadda za a yi ta. Za a sa Billy a mari a tsakanin igwa, a inda ma'aikata ke kwana, na kwanakin da ba wanda ya san adadinsu. Masu gadin fursuna a jirgi yaran Claggart ne, shugabansu ke nan aka kashe. Sauran ma'aikata kuma Billy nasu ne. In jirgin Faransa ya ɓullo, kowane hannu ana bukatarsa a kan igwa. Barista, a cikin waɗannan ɓangarori biyu wa za ki ba gadinsa?

Barista_Kwalli: Sojojin ƙasan da ke jirgin, ranka ya daɗe. Aikinsu ke nan, ba sa ƙarƙashin Claggart, kuma dama tsakanin hafsoshi da ma'aikata ake kwantar da su saboda irin wannan ranar. Hafsansu na cikin ukun da suka yi shari'ar, shi ne ma ya fi kowa yi wa Vere tambaya.